Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakunan Hausawa, Limamai Da Malaman Islamiyya Na Legas Kan Jariran Da Ke Bayanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwannin Legas. Allah ya gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na hamsu salawati, da shugabannin makarantun Islamiyya da na allo. Muna gaishe ku gaisuwar 'ya'ya ga iyaye, muna roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da juriya kan ɗawainiyar jama'a a wannan gari mai wuyar zama.

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, haifaffiyar Agege, inda fataucin goro ya kawo kakana. Na rubuto ne a madadin matan da muke haɗuwa a ajin matan aure na ƙarshen mako, da 'yan'uwansu na Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Ijora da Obalende. Mafi yawansu masu goyo ne, wasu kakanni ne. Sun ce in sa maganarsu a takarda domin ba mu da wurin zama a zaurukan da ake yanke shawara.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne zaman da aka yi ta yi a masallatai da fadojin unguwanni kan halin da samarinmu suka shiga: shaye-shaye, ƙwacen waya, faɗan daba, ɗaga wa iyaye murya. Damuwar tamu ce, domin mu muka haife su, kuma mu ke zaryar ofishin 'yan sanda idan an kama su. Amma matsayar da mazajenmu suka dawo mana da ita gida guda ce: an ce sangarta ce ta jawo, a ƙara tsanani, a tanƙwara icce tun yana ɗanye. Ba mu ji an faɗi shekarun da tsananin zai fara ba, ba mu ji an faɗi irinsa ba. Sai kowane magidanci ya fahimta yadda ya ga dama, kuma a ɗakunan haya da yawa abin ya sauka ne a kan wanda ya fi kowa rauni, jaririn da ko magana bai fara ba.

Kokenmu na farko a kan kukan jariri ne. Maganar da ta zama ruwan dare a unguwanninmu ita ce, "Ƙyale shi ya yi kukansa, idan kina ɗaukarsa zai saba da hannu." Miji na faɗa, uwar miji na faɗa ta waya daga gida, maƙwabciya na faɗa. Iyayenmu, jaririn wata 3 ba shi da wayon da zai yi wa kowa makirci. Da kuka yake faɗin yunwa, da jiƙewar famfas, da zafi, da ciwon ciki, da tsoro, da kewar jikin mutum. Ba ya iya kwantar wa kansa da hankali, jikinsa bai kai nan ba tukuna. Idan ya firgita zuciyarsa na bugawa da sauri, sinadaran tashin hankali na hauhawa a jininsa, kuma abin da ke sauko da su shi ne a ɗauke shi ya ji ɗumin ƙirji da muryar da ya sani. Idan aka yi ta maimaita masa haka, a hankali sai ya gane cewa damuwa tana da ƙarshe kuma mutane abin dogaro ne. Haƙurin da muke nema wurin saurayi ɗan shekara 17 a bakin tasha, a bayan uwarsa yake fara koyonsa.

Masana sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan 1 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ya cika shekara 3 girmanta ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na ta babban mutum. Abin da ke tsara waɗannan hanyoyi ba sayensa ake yi ba. Jariri ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi murmushi a mayar masa, ya nuna fanka da yatsa a ce masa "fanka ce". A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da har yau ake koyar da ma'aikatan lafiya. Uwa na cikin wasa da jaririnta sai a ce ta ɗaure fuska na ɗan mintoci, ba murmushi, ba magana. Nan take jaririn zai shiga neman ta: ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara. Idan bai samu amsa ba sai ya kau da kai, jikinsa ya rikice, ya fashe da kuka. Da ta sake fuska ta rarrashe shi sai su shirya. Wannan shiryawar ita ce ke kwantar mini da hankali a matsayina na uwa, domin tana nuna ba a neman uwar da ba ta taɓa juya baya. Ana neman wadda idan ta juya za ta dawo.

Kada wani ya ce mana wannan ilimin Turawa ne da bai san gidajenmu ba. Mary Ainsworth, wadda da ita ake kafa hujja a duniya kan shaƙuwar jariri da mai renonsa, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Yuganda ta fara bincikenta a 1954 zuwa 1955, tana zama a tsakar gida da mata 'yan Afirka irinmu. A wurinsu ta lura cewa jariran da iyayensu suka fi fahimtar buƙatunsu su ne suka fi ƙarancin kuka, kuma su ne suka fi sakin jiki su rarrafa su bincika abin da ke kewaye da su, suna waiwayen uwa jefi-jefi. A 1990 kuma an buga wani bincike a Amurka inda aka raba wa wasu mata marasa ƙarfi abin goyo mai laushi, wasu aka ba su kujerar roba ta ajiye jariri. Bayan shekara guda 'ya'yan masu goyon sun fi na masu kujerar samun natsuwa da iyayensu. Mu da muka gaji zane da majanyi tun kaka da kakanni, mu ake ce wa yau kada mu saba wa jariri da hannu.

Kuma ku kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yakan shiga salla yana nufin tsawaita ta, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, saboda ya san halin da uwar ke shiga. Hadisin na cikin Bukhari. Salla guda ta jama'a aka rage wa tsawo saboda kukan jariri ɗaya. Ku kuka faɗa mana ya ja salla ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Me ya sa waɗannan hadisai ba sa fitowa a duk lokacin da aka zauna maganar tarbiyya?

Har ƙiwa ma an mayar da ita laifi. Yaro ya kai wata 8 ya fara ƙin baƙi yana maƙale wa uwarsa, sai a ce ta ɓata shi, a fizge shi daga jikinta a ce sai ya saba. Ƙiwa alama ce ta lafiya. Yaron ya gane nasa ne, kuma tana wucewa da kanta idan an bi shi a hankali.

Koke na biyu ya fi mana zafi, wato dukan yaran da ba su kai su san laifi ba. Wata yarinya, haihuwarta ta fari, ta kawo ɗanta ɗan wata 15 allurar ƙyanda ta biyu. Da na ɗaga rigarsa sai ga shatin wayar caja a cinyoyinsa. Laifinsa shi ne ya kifar da kwanon miya, a ɗaki guda da nan ne kicin, nan ne falo, nan ne makwanci. Ba muguwa ba ce. Kuka ta fashe da shi, ta ce maigidan ne ya ce idan ba ta fara hora shi yanzu ba zai fi ƙarfinta. Muna cikin magana na ɗaga hannu zan gyara ɗankwalina, sai yaron ya runtse ido ya dunƙule jikinsa. Bai san kalmar miya ba, amma ya riga ya san abin da hannun babba ke nufi idan ya tashi sama.

Ɗan shekara 1 ko 2 da ke taɓa komai, yana zubar da ruwa, yana jefar da cokali ya ga inda zai faɗa, karatu yake yi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya danne zuciyarsa shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai an haura shekara 20. Idan aka dake shi ba ya iya haɗa dukan da wata doka. Abin da yake ɗauka shi ne wadda yake gudu wurinta idan ya ji tsoro, ita ce kuma abin tsoron. Irin wannan yaro ba shi da inda zai nufa. Wasu sukan zama shiru-shiru har a riƙa yabonsu da cewa ba su da rigima, wasu sukan zama masu cizo da duka, kuma da zarar sun samu wanda suka fi ƙarfi sai su sauke a kansa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 1 zuwa 14 a Najeriya sun fuskanci duka ko tsawa mai muzantawa a gida cikin wata guda kafin a tambaya. Da duka na gyara yaro, da ba mu da ɗan daba ko ɗaya a ƙasar nan. A 2016 wasu masana biyu, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000. Ba su samu cewa duka na ƙara ladabi mai ɗorewa ba. Abin da suka samu shi ne yaran da aka fi duka sun fi faɗa, sun fi bijirewa, sun fi fama da damuwa, kuma tsakaninsu da iyayensu ya fi tsami. Waɗannan su ne ainihin halayen da kuka zauna kuna neman maganinsu.

Mun san amsar da ake bayarwa: "Mu ma an dake mu, ba mu lalace ba." Iyayenmu, ku tuna gidajen da aka dake ku. Akwai ɗakin kaka da ake rugawa a ɓuya, akwai goggo mai share hawaye, akwai kawu mai cewa ya isa haka. Kuma a waɗancan gidaje idan uwa ta ɗaga wa ɗan goye hannu, tsohuwa ce za ta karɓe shi ta yi mata faɗa. Ana kuma kawo mana "ka ƙi naka duniya ta so shi". Karin magana ce, ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. Abin da ke cikin hadisi shi ne Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Uwar Muminai A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ya yi masa hidima shekara 10, tun yana yaro, ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Hadisin da ake yawan kafa hujja da shi ma, na Abu Dawud, cewa ya yi a umarci yaro da salla yana da shekara 7, ba a ambaci horo ba sai a shekara 10. Salla ke nan, ginshiƙin addini, an ba da shekara 3 cur ta koyarwa da tunatarwa. Ina hujjar wayar caja a kan ɗan wata 15 saboda kwanon miya?

Akwai wani abu da muke roƙon kowane uba da uwa su sani, domin rai ake rasawa a kansa. Kukan jariri yakan ƙaru har ya kai ƙololuwa a wajen mako 6 zuwa 8, sannan ya ragu a wata 3 zuwa 4, ko da lafiyarsa ƙalau. A wannan tsakani ne wanda ya gaji yakan kama shi ya jijjiga da fushi don ya yi shiru. Kan jariri na da nauyi, wuyansa ba ƙwari, jijjigar 'yan daƙiƙoƙi na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ta bar shi da makanta, farfaɗiya, ko ajali. Idan ya fara suma sai a ce iska ce ta taɓa shi. Wanda ya ji zuciya ta ɗebe shi, ya kwantar da jaririn a wuri mai aminci, ya fita ƙofa ya sha iska, ya kira maƙwabci. Wannan magana ba ta fi minti guda a kan mumbari ba.

Sai tsoratarwa. Ga dodo nan, ga ɗan sanda nan, zan kai ka a yi maka allura. Wannan ta ƙarshen ta shafe ni kai tsaye, domin yara na shigowa asibiti suna karkarwa da ganin farar riga, wasu iyayen har su fasa kawo su rigakafi don gudun rigimar da su suka shuka.

Ba muna cewa a zuba wa yaro ido ya yi abin da ya ga dama ba. Yaro na buƙatar iyaka kamar yadda yake buƙatar abinci. Amma horon ɗan ƙasa da shekara 3 shi ne a ɗauke risho da wuƙa da bokitin ruwa daga inda hannunsa ke kaiwa, a ce masa "a'a" da murya tsayayya ana kallon idonsa, a ɗauke shi daga wurin a ba shi abin da ya halatta ya taɓa. Idan ya faɗi yana birgima don an hana shi, kada a ba shi abin, kada kuma a dake shi. A tsaya kusa har guguwar ta wuce, a ce masa "ka ji haushi, na sani, amma ba za ka taɓa wuta ba." Gobe a maimaita, jibi a maimaita. Ya fi bulala cin lokaci da cin rai, shi ya sa uwar da ke ita kaɗai ba ta iyawa.

Nan ne koke na uku, kuma shi ne tushen sauran. A 1977 wasu masana, cikinsu har da Robert LeVine, sun buga binciken da suka yi a kan jariran Hausawa a wani gari na ƙasar Hausa. Sun tarar kowane jariri na da manya da dama masu kula da shi, kusan kullum yana jikin wani ko kusa da wani, kuma yakan shaƙu da fiye da mutum ɗaya, musamman wadda ta fi ɗaukarsa. Wannan tsari shi ya sa wasu al'adunmu ba su yi ɓarna ba. Ku ɗauki kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma haka. A gida wannan bai bar yaro a wofi ba, domin kaka da goggo da abokiyar zama da 'yan matan gidan sun cike gurbin, su ke yi masa tawai, su ke cilla shi sama yana ƙyalƙyala dariya.

Yanzu ku dubi yarinyar da aka ɗauko daga wani ƙauyen Katsina ko Sakkwato aka kawo ta ɗaki ɗaya a Ketu ko Ijora. Ba ta jin Yarbanci, ba ta da dangi a kusa, ba ta je goyon ciki ba saboda kuɗin mota. A gida da sai ta yi arba'in ana yi mata wanka, ana dama mata kunu, ana karɓar jariri ta yi barci. A nan ranar suna da yamma kowa ya kama gabansa ya bi gosulo, washegari ita ce ɗiban ruwa, ita ce girki, ita ce wanki. Kunyar ɗan fari ta biyo ta Legas, kakar ba ta biyo ta ba. Jaririn ya sha nono, an yi masa wanka, an shafa masa mai, amma ya wuni ba wanda ya dubi idonsa ya yi masa magana.

Uban kuma ba ƙin ɗansa ya yi ba. Ɗan gwari a Mile 12 kafin asuba ya fita. Mahauci a Oko-Oba haka. Direban tanka na iya kwana da kwanaki a layin Apapa, mai gadi a bakin ƙofar wani yake kwana. Idan ya dawo a gajiye, abin da ya rage masa na uba shi ne "bari babanka ya dawo", sai ya zama shi ne abin tsoratarwa a gidansa. Tun 2014 gwamnatin Jihar Legas ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata 6, maza kuma kwana 10. Mai awara da mai kitso da mai abinci a bakin kasuwa ba wanda ya ba su hutun ko mako guda, haka mazajensu. Sai a miƙa jariri ga 'yar reno mai shekara 9 da ita ma reno take buƙata, ko a jingina masa waya yana kallo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 bai kamata a ba ɗan ƙasa da shekara 2 kallon waya ko talabijin ba. Mafi muni, akwai masu ɗura wa jariri maganin mura mai sa barci don su samu su yi aiki. Muna ganin haka, kuma yana iya danne numfashinsa.

A cikin wannan kaɗaici ne ciwon damuwa na bayan haihuwa ke samun wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da larurar damuwa bayan ta haihu. Mu sai mu ce mata mai son jiki, ko marar godiya, ko a ce aljanu ne. Ba ta barci, ba ta jin daɗin komai, tana kuka ba dalili, tana ganin ba ta iya uwa ba. Ɗaurarriyar fuskar da jariri ya kasa jure wa na ɗan mintoci a wancan gwaji, ita ɗanta ke kallo daga safe har dare. Ciwo ne mai magani, kuma addu'a da asibiti ba sa karo.

Koke na huɗu gajere ne. Yadda muke yaye a garin nan ya zama azaba. A gida ana kai yaro ɗakin kakar da ya saba da ita. A nan ana sa shi a mota a yi tafiyar kwana zuwa Arewa a damƙa shi ga kakar da bai taɓa gani ba, ya rasa nono da uwa da ɗaki a dare ɗaya. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shayarwar shekara 2 cikakku, ya kuma ɗora yaye a kan yarda da shawara tsakanin iyaye biyu. Ana iya rage shayarwa sannu a hankali yaro na gaban uwarsa. Haka kuma azuzuwan reno da wasu Islamiyyu suka buɗe: ana karɓar 'yan shekara 2 da 3, a jera su a tabarma awa da awanni, mai tsumagiya na tsaye a kansu.

Ga abin da muke roƙo.

Limamanmu, muna roƙon huɗuba guda, a kowane masallacin Juma'a da ake fassara da Hausa, a kan haƙƙin jariri: cewa amsa kukansa tarbiyya ce, cewa ba a dukan wanda bai san laifi ba, cewa ba a jijjiga shi. Ku faɗa wa maza a fili cewa ɗaukar ɗa da yi masa wasa sunna ce, ba zubar da girma ba. Abin da liman ya faɗa sau ɗaya ya fi abin da ni zan faɗa sau ɗari a asibiti, domin matar ke zuwa wurina, mijin kuwa wurinku yake zuwa. A ranar suna, bayan an raɗa, a ƙara wa uban jariri kalma biyu kan taimakon mai jego da lura da halin da take ciki. Kuma a tafsirin azumi da tarawihi a daina korar mai goyo ko hararar ta don ɗanta ya yi kuka.

Malaman Islamiyya da na allo, muna roƙon a fitar da bulala gaba ɗaya daga ajin 'yan ƙasa da shekara 7, a rage musu tsawon zama, a bar su su motsa. Najeriya na da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, Jihar Legas ta yi tata a 2007, kuma gwamnatin jihar ta hana dukan ɗalibai a makarantunta. Mun fi son gyaran ya fito daga hannunku bisa hujjar addininmu, da a wayi gari jami'ai sun zo sun rufe makaranta ko sun ɗauke ɗan wani. Muna kuma roƙon aron aji ɗaya, sa'a biyu a mako, inda masu goyo za su haɗu da tsofaffin unguwa da ma'aikatan lafiya. Kakannin da suka yi nisa ba za mu iya kawo su ba, amma a kowace unguwa akwai dattijan mata da suka yi reno suka aurar, suna zaune ba wanda ya nemi iliminsu.

Kada a raina irin wannan ƙaramin aiki. A Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartar gidajen talakawa masu yaran da suka tsumbure, sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu wannan wasa da hira ba da kusan kashi 25 cikin 100, kuma an samu ƙarancin faɗa da tashin hankali a cikinsu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya sun sanya reno mai amsa buƙatar jariri a sahu ɗaya da abinci da lafiya da tsaro.

Iyayenmu sarakuna, ku ke da bakin magana da ƙananan hukumomi. Muna roƙon ku nema mana masu jin Hausa a cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke unguwannin da muke da yawa, ko a amince da matan da za mu bayar su yi tafinta ranar awo da rigakafi. Mace ba za ta iya faɗin cewa ta kwana tana kuka ba da harshen da ba ta ji. Muna roƙon ku yi magana da shugabannin kasuwanninmu a ware rumfa mai inuwa da tabarma inda mai sana'a za ta shayar ta kwantar da ɗanta. Muna roƙon duk magidancin da ya kawo amarya daga gida a tambaye shi, kamar yadda ake tambayar sana'arsa da mazauninsa, wace ce za ta zauna da ita idan ta haihu.

Na ƙarshe, muna roƙon a sanya wannan batu cikin abin da za a tattauna a zamanku na gaba kan matasa, a kira biyu ko uku daga cikinmu, ko da daga bayan labule ne, mu faɗi abin da muke gani a ɗakuna da asibitoci. Akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi da malamai mata a cikinmu da suka yarda su yi wannan aiki ba tare da an biya su ba, kuma za mu kawo wa kowane limamin da ya nema bayanin lafiya a rubuce da Hausa don ya haɗa da nassoshin da ya fi mu sani.

Idan akwai inda harshe ya yi kaifi a wasiƙar nan, muna neman afuwa. Allah ya ja zamaninku, ya raya mana zuriya.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, Agege,
a madadin mata masu goyo na unguwannin Hausawa a Legas.